Laƙabin Akitek: Wane Ne Doka Ta Yarje Wa Ya Zana Gini?

Duk wanda ya saba duba takardun gwamnati, ko katin gayyatar biki, ya san irin darajar da laƙabi yake da ita a ƙasar nan. Akwai Dokta, akwai Injiniya, akwai Barista, sa'an nan kuma akwai wasu haruffa uku na boko, watau Arc., waɗanda ake rubutawa gaban sunan masanin zanen gine-gine, wanda ake kira akitek. Mutane da yawa sun ɗauka wannan laƙabi ado ne kurum, irin wanda mutum zai iya laƙaba wa kansa da zarar ya karɓi digiri. Alhali kuwa doka ce ta tanade shi, ta faɗi wanda ya cancanci ɗaukarsa, ta kuma ajiye hukunci ga wanda ya ɗauke shi ba bisa izni ba.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Gini abu ne wanda mutane suke kwana a ƙarƙashinsa, 'ya'yansu suke karatu a cikinsa, majinyata suke kwanciya a ɗakunansa. Ma'aikacin da ya shekara 35 yana aikin gwamnati, ya tattara garatutinsa ya zuba a gida ɗaya, ba shi da hanyar gane ko zanen da aka miƙa masa yana da aibi. Abin da ya rage masa shi ne ya dogara da sunan wanda ya sa hannu a takardar. Saboda haka ya kamata ma'aikata da ɗalibai su san yadda ake samun wannan suna, da wanda yake bayar da shi, da kuma abin da ake bukata kafin mutum ya ci gaba da riƙe shi.

Sarkin Magina da Babban Gwani

Tantance masu gini ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa manyan garuruwa suna da sarautar Sarkin Magina, wanda sarki yake naɗawa domin ya shugabanci masu sana'ar, ya rarraba musu aikin fada da na ganuwa, ya kuma sasanta tsakaninsu da masu ba da aiki. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da mulmula tubali da miƙa wa ubangidansa a kan katanga. Sai ya daɗe a haka kafin a sake masa ya jera azara, balle a ce ya ɗaura baka ko ya yi ɗaurin guga a soron wani babban mutum. Babu takardar shaida, amma gari duka ya san wanda ya ƙware da wanda bai ƙware ba, ya kuma san gidan da kowa ya koyo.

Mafi shahara cikin waɗannan magina shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani. Shi ne ya gina Masallacin Jumma'a na birnin Zariya a wajejen shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kuma har yanzu akwai unguwa a birnin mai ɗauke da wannan laƙabi nasa. Abin lura shi ne, ba shi ya ba kansa sunan ba. Aikinsa aka gani aka ba shi, kuma nauyin aikin yana wuyansa. Wannan ita ce manufar da dokar zamani ta ɗauko ta rubuta a takarda, domin garuruwa sun yi girman da ba kowa ya san kowa ba, kayan gini kuma sun sauya daga ƙasa da azara zuwa siminti da rodi da kankare.

Yadda Dokar Ta Samo Asali

A zamanin mulkin mallaka, Turawa ne suke zana manyan gine-ginen gwamnati, ko dai a Ma'aikatar Ayyuka ko a kamfanoninsu masu zaman kansu. Alal misali, Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, 'yan Ingila, su ne suka zana yawancin gine-ginen farko na Kwalejin Jami'a ta Ibadan. An fara koyar da ilmin zanen gine-gine a Nijeriya a shekarar 1952 a Ibadan, ƙarƙashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, kana aka mayar da sashen Zariya a 1955. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai sashen ya shiga cikinta, don haka Zariya ce uwa ga makarantun wannan fanni a ƙasar nan.

Ran 1 ga Afrilu, 1960, watanni shida kafin samun mulkin kai, 'yan Nijeriya ƙalilan da suka karanto wannan ilmi suka ƙaddamar da ƙungiyarsu, wadda ake taƙaita sunanta da NIA. Amma ƙungiya ba ta da ikon hana wani bare yin sana'a. Wannan iko sai a 1969 ya samu, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar soja mai lamba 10, wadda ta haifar da Hukumar Rajistar Masu Zanen Gine-gine ta Nijeriya, watau ARCON. An yi wa dokar gyara a 1990, kuma tana nan cikin kundin dokokin tarayya na 2004.

Jama'a sukan rikita waɗannan biyu, alhali aikinsu ya bambanta. NIA ƙungiya ce ta 'yan sana'a, tana kare mutuncinsu, tana shirya musu tarurruka, tana kuma da matakan girma ga 'ya'yanta. Haruffan mnia da ake gani bayan suna suna nuna cikakken ɗan ƙungiya ne, fnia kuwa suna nuna dattijo a sana'ar wanda ƙungiya ta ɗaga darajarsa. ARCON ita ce hukumar gwamnati. Ita ke riƙe da littafin rajista, ita ke ƙayyade irin ilmin da ake bukata kafin a shiga littafin, ita ke duba makarantun da suke koyar da fannin. Doka ta haramta wa wanda ba ya cikin wannan littafi ya ɗauki nauyin zanen gini ko ya yi sana'a da wani suna mai ɗauke da kalmar akitek. Har ila yau dokar ta tanadi kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, wadda take da ikon share sunan wanda aka kama da cin amanar sana'a.

Laƙabin ya sami ɗaukaka a siyasa ma, domin mutum biyu masu wannan sana'a sun riƙe muƙamin mataimakin shugaban ƙasa. Na farko shi ne Dokta Alex Ekwueme, wanda ya yi aiki da Alhaji Shehu Shagari daga 1979 zuwa 1983. Na biyu shi ne Muhammad Namadi Sambo, wanda ya yi karatunsa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi gwamnan Jihar Kaduna daga 2007 zuwa 2010, sa'an nan ya zama mataimakin shugaban ƙasa har zuwa 2015.

Hanyar Da Ɗalibi Zai Bi

Ɗalibin da yake sha'awar wannan sana'a ya kamata ya sani tun da wuri cewa tafiyar tana da tsawo. Matakin farko shi ne digirin farko, wanda yake cin shekara 4 a yawancin jami'o'i, ko 5 a jami'o'in fasaha, haɗe da zaman koyon aiki a ofis ko wurin gini. Wannan digiri shi kaɗai ba ya mai da mutum akitek. Sai ya ƙara da digiri na biyu, na kimanin shekara 2, a sashen da hukuma ta amince da shi. Bayan wannan, da hidimar ƙasa, sai ya yi aƙalla shekara 2 yana aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya sami cikakkiyar rajista, yana rubuta ayyukan da ya sa hannu a ciki. Daga nan ne zai fuskanci jarrabawar ƙwarewa, inda ake tambayarsa dokokin kwangila, da ƙa'idodin gini, da yadda ake kula da aiki, da ladubban sana'a. Idan ya haye, sai a ba shi lambar rajista da hatimi. In aka lissafa, daga shiga jami'a zuwa karɓar hatimi da wuya a yi ƙasa da shekara 9.

Littafin rajistar yana da kashi biyu, na masu cikakkiyar rajista da na masu rajistar wucin gadi waɗanda ba su kammala matakan ba. Wanda yake kashi na biyu yana aiki ne a ƙarƙashin kulawar na farko. Haka nan waɗanda suka yi babbar difloma a kwalejojin fasaha suna da muhimmin matsayi a ofisoshin zane da wuraren gini, kuma da yawansu sun fi wasu masu digiri iya aikin hannu, amma takardarsu ba ta ba su laƙabin ba sai sun ƙaro karatun da doka ta nema.

Akwai tarko ɗaya da iyaye da ɗalibai ya kamata su kiyaya. Amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i daban take da amincewar ARCON. Jami'a tana iya samun iznin buɗe sashe, amma hukumar sana'a ba ta tantance sashen ba tukuna. Wanda ya yi shekaru a irin wannan wuri yana iya fitowa da digiri mai kyau ya tarar ƙofar rajista ba ta buɗe masa kai tsaye ba. Tambaya kafin biyan kuɗin makaranta ta fi nadama bayan kammalawa.

Kowa Da Kiwon Da Ya Karɓe Shi

A wurin gini, mutane sukan kira duk wanda ya sa hular kwano da suna injiniya. Amma doka ta raba aikin. Akitek shi ne yake sauraron bukatar mai gida, ya tsara ɗakuna da hanyoyin shiga da fita, ya lura da inda rana take faɗuwa da inda iska take kaɗawa, ya fitar da zanen da sauran za su bi. Injiniyan ƙarfin gini shi ne yake lissafa zurfin harsashi da kaurin ginshiƙi da yawan rodi, kuma hukumarsa ita ce COREN, wadda aka kafa a 1970. Ƙwararren magini, wanda yake tafiyar da aikin a fili, yana ƙarƙashin CORBON, wadda aka kafa a 1989. Akwai kuma safiyo mai auna fili, da mai ƙididdige kuɗin gini, da mai tsara birane, kowa da hukumarsa. Kundin ƙa'idodin gini na ƙasa wanda aka fitar a 2006 ya zayyana aikin kowanne.

Sai dai kuma kundi a Abuja ba ya hana gini a Gusau ko Damaturu. A shekarar 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara birane da ba da iznin gini hurumin jihohi ne. Ma'anar wannan ita ce, ƙarfin duk waɗannan dokoki ya rataya a kan teburin ma'aikacin da yake duba zane a hukumar tsara birane ta jiha, irin su KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Idan ya duba hatimi ya tabbatar da lambar rajista, doka ta yi aiki. Idan ya kawar da kai, ta zama takarda.

Hayar Hatimi

Masu cikakkiyar rajista a Nijeriya ba su wuce 'yan dubbai ba, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu sun taru ne a Ikko da Abuja da wasu manyan birane. Wannan ƙaranci, haɗe da son sauƙin kuɗi, ya haifar da wata ɗabi'a wadda 'yan sana'ar da kansu suke kuka da ita. Mai gida zai sami wani yaro mai kwamfuta ya zana masa filan a kan kuɗi kaɗan, sa'an nan a kai wa wani mai rajista ya buga hatiminsa ya karɓi ladansa, ba tare da ya taka filin ba, ko ya karanta zanen. A ido takarda ta cika. A zahiri babu wanda ya ɗauki nauyin ginin. Domin toshe wannan kafa ne ARCON ta fito da tsarin ba kowane aiki lambar rajista tasa ta kansa, yadda za a iya bin sawun zane har zuwa ga wanda ya sa masa hannu.

Abin da yake biyo bayan sakaci da ƙa'ida ƙasar nan ta sha ganinsa. Ran 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a unguwar Ikoyi ta Ikko ya rufto, ya hallaka mutane fiye da 40. Jami'an jihar sun bayyana a lokacin cewa hawa 15 aka ba da izni, kuma ta fito fili cewa kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta takardar janyewa tun watan Fabrairu na 2020. Ran 12 ga Yuli, 2024, ginin wata makaranta a Jos ya faɗa wa ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Ba kowane rushewar gini ne laifin mai zane ba, domin sau da yawa ɓarnar tana wajen rage siminti da rodi, ko ƙara hawa a kan harsashin da ba a yi shi don haka ba. Amma a kusan kowane bincike akan tarar da wani mataki inda ya kamata mai hatimi ya tsaya ya ce a'a, ko kuma inda aka kauce masa ɗungurungum.

Karatu Bayan Karatu

Samun rajista ba shi ne ƙarshen magana ba. Wanda ya karɓi hatimi a 1985 ya koyi sana'a ne da allon zane da fensir, a lokacin da ba a san manhajojin AutoCAD da Revit a ofisoshin ƙasar nan ba. Ko an bar batun kayan aiki, dokoki da yanayi sun sauya. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta shafi girman tagogi da inuwa da irin rufi, abin da yake da amfani ƙwarai a garuruwa masu zafi kamar Sakkwato da Maiduguri. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, sun nuna cewa tsayin daɓe da hanyar ruwa abubuwa ne da za a sake lissafawa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 da ta kasuwar Monday ta Maiduguri a 2023 sun tuna wa kowa muhimmancin faɗin layi da ƙofofin tsira. Wanda bai bi waɗannan sauye-sauye ba, hatiminsa yana nan da ransa amma ilminsa ya tsufa.

Saboda haka ne hukumar da ƙungiyar suka ɗauki tsarin ƙarin ilmi na dole, inda ɗan sana'a yake tara maki ta hanyar halartar tarurrukan ƙara wa juna sani da kwasa-kwasai, kuma yake sabunta lasisinsa lokaci zuwa lokaci. Wasu ƙasashe sun ƙayyade abin da awoyi. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Ingila tana neman awa 35 a shekara daga kowane ɗanta, ta Amurka kuwa awa 18, waɗanda 12 daga ciki dole su shafi lafiya da tsaron jama'a. A Ingila ma masifa ce ta ƙara ƙarfin dokar. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yuni na 2017, wadda ta ci rayuka 72 saboda kayan da aka lulluɓe bangon da su masu kama wuta ne, majalisa ta yi doka a 2022 wadda ta ba hukumar rajista ikon bin diddigin ƙwarewar 'yan sana'a, kuma daga 2024 ya zama wajibi kowa ya nuna abin da ya ƙaro kafin a sabunta masa rajista.

Matsalar da take fuskantar tsarin a nan gida ita ce ta nisa da kuɗi. Manyan tarurruka a Abuja ko Ikko ake yi, alhali akitek mai matsakaicin albashi a Ma'aikatar Ayyuka ta wata jiha shi ne yake zana azuzuwa da ɗakunan shan magani na karkara, shi ne kuma ya fi bukatar sabon ilmi. Idan ma'aikatarsa ba ta ware kuɗin horo ba, sai ya zauna. Wani kuma yakan je taron, ya sa hannu a takardar halarta, ya karɓi shaidarsa ya fice. Tarurruka ta intanet, waɗanda suka yawaita tun annobar korona ta 2020, sun rage wahalar tafiya, amma ba su magance halin mai neman maki ba tare da neman ilmi ba.

Akwai kuma wani fanni da ya kamata ƙarin ilmin ya waiwaya, watau ginin ƙasa na gargajiya. A watan Agusta na 2023 wani ɓangare na tsohon masallacin Zariya, aikin Babban Gwani, ya rufto a kan masallata, aka yi hasarar rayuka. Kula da irin waɗannan gine-gine yana bukatar sanin halin jar ƙasa da azara da makuba da katsi, ilmin da ya fi yawa a ƙirjin tsofaffin magina fiye da ɗakin karatu. A Jamhuriyar Nijar, Alhaji Falke Barmu, magini kuma manomi, ya fara ginin masallacin ƙauyen Yama na yankin Tawa a 1962, kuma aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Dokar laƙabi an yi ta ne domin kare jama'a daga masu sojan gona, ba domin a raina irin waɗannan gwanaye ba, kuma mai digiri biyu yana da abin koyo a wurinsu.

Abin Da Ya Rage Ga Jama'a

Ma'aikacin da zai gina gida yana da haƙƙin ya nemi lambar rajistar wanda zai zana masa, ya tabbatar da ita a wurin ARCON, ya kuma nemi a rubuta yarjejeniya wadda ta ƙunshi zuwa duba aiki, domin zane mai kyau yana iya lalacewa a hannun ɗan kwangila idan babu mai sa ido. Idan bene ne, zanen injiniya dole ne, da nasa hatimin. Kuɗin da ake gudun biyan ƙwararru kaɗan ne in aka gwada shi da kuɗin ginin, balle da ran iyali.

Shugabannin ma'aikatu kuma ya kamata su riƙa sa kuɗin horon ƙwararrunsu cikin kasafin shekara, su kuma tabbatar cewa wanda aka ɗora a teburin ba da iznin gini shi kansa mai rajista ne. Ɗalibi kuwa ya haƙura da rubuta haruffan nan uku gaban sunansa har sai hukuma ta ba shi, domin ranar da ya karɓe su ya karɓi alhakin duk wanda zai kwana a ƙarƙashin rufin da ya zana.